Ambulan ɗin Malam Kashi Bakwai

Shekara ashirin da shida na yi ina sakatariyar sashen akanta a kwalejinmu, kuma bango ɗaya ne tsakanin teburina da ajin da Malam Kashi Bakwai yake koyarwa. Bangon ma na katako ne mara kauri, in wani ya yi atishawa a can sai in yi masa sannu daga nan. Saboda haka ni ma na yi karatun nan sau ashirin da shida, ban biya ko sisi ba, ba kuma wanda ya ba ni takarda.

Abin da yake koyarwa shi ne yadda ake ƙiyasta abin da aiki zai ci tun kafin a fara shi, da yadda ake hasashen abin da zai lalace a hanya. Ranar farko ba ya ko gaisawa da ɗalibai. Zai shigo da sabon alli, ya ɗaga shi sama, ya karya, ya nuna musu garin da ya zuba a tebur.

"Wannan garin an biya kuɗinsa," in ji shi. "Wa ya yi rubutu da shi? Ba kowa. To, duk aikin da za ku sa hannu a duniyar nan yana da garinsa. Ku ware masa kashi bakwai cikin ɗari tun kafin ya ware kansa."

Daga nan sunan ya samo asali, ya kuma bi shi har ya danne na yanka. Sai ya juya ya raba allo biyu. A hannun dama ya rubuta ɓarnar da ba makawa, wadda ko mala'ika ne ya riƙe zarto sai an yi ta. A hannun hagu ya rubuta ɓarnar sakaci, ya ja mata layi a ƙasa, ya rubuta: laifin wa?

"Ta dama marainiya ce, ku ƙyale ta," haka yake cewa. "Amma ta hagu tana da uba. Ku nemo shi, ku rubuta sunansa. Duk wanda ya bar mini gurbin nan fanko, sifili zai kwasa."

Ɗan kafinta ne. Ya taɓa gaya mini cewa tun yana ƙarami shi ke share shagon babansa, kullum yana tara dusar katako yana tambaya ina sauran katakon ya tafi, har uban ya gaji ya kai shi makaranta don ya samu ya huta. Makarantar ba ta raba shi da tambayar ba, albashi kawai ta ɗora masa a kanta.

Da a aji kaɗai yake wannan hali da da sauƙi. In na ce a buga takardar jarrabawa kwafi arba'in da biyu, sai ya ce arba'in da biyar. In za a yi taro, sai an ƙara kujerar da ba mai zama. Matarsa ta sha zuwa ofis ta zauna kusa da ni tana sauke abin da ke ranta. Ta ce ta aike shi ya sayo kofuna goma sha huɗu, ya dawo da sha biyar, wai ɗaya na fashewa ne. Shekara biyar ba wanda ya fashe. Ta ce bawan Allahn nan har ramewa ya yi, yana bin yaran da kallo kamar sun ci amanarsa. Ranar da autarsu ta saki ɗaya ya tarwatse, maimakon faɗa alewa ya sayo mata.

Amma abin da ya fi yin suna da shi ambulan ne. Kowace shekara, in an shiga mako na uku da fara karatu, zai zauna ya rubuta adadin ɗaliban da za su faɗi darasinsa, ya sa a ambulan, ya manne da gam, ya sa hannu a bakin, ya miƙo mini in kulle a durowa. Ranar da sakamako ya fito sai malamai su taru a ofishina a buɗe. Shekara ashirin da uku yana wannan, bai taɓa kuskure ba. In ya ce uku, uku ne. In ya ce biyu, ko ana ha-maza-ha-mata biyun ne. Malaman sashe har tsoronsa suke ji, shugaban sashe kuwa yana kai labarinsa wurin baƙi kamar shi ya haife shi.

Abin da ba su sani ba, ni na sani, shi ne a bayan takardar yakan rubuta sunayen da fensir. Sunayen ma bai taɓa kuskurensu ba. Kada a tambaye ni yadda aka yi nake sani tun kafin ranar buɗewa. Akwai butar shayi a ofishina, butar tana da tururi, gam ɗin kwaleji kuma ba shi da zuciya. Ni dai ba na gaya wa kowa, dubawa kawai nake yi don hankalina ya kwanta.

A shekararsa ta ƙarshe kafin ritaya, ɗalibai arba'in da ɗaya ya samu. Ya kawo ambulan ranar Laraba, ranar Alhamis na ɗora buta. A gaba an rubuta uku. Na juya baya. Na farko wani ne da tun da ya yi rajista ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Na biyu wani dogo ne mai zama kusa da taga, wanda munsharinsa yake ratso bango ya iso teburina. Da na ga na uku sai da na ajiye takardar na dafe ƙirji.

Mama Tela ce. Haka ɗalibai suke kiranta, don ta haifi rabin ajin. Tana da shagon ɗinki inda take yi wa makarantu kayan ɗalibai, da kekuna tara da mata tara masu taka su. Mijinta ne yake yi mata ƙiyasi duk lokacin da za ta karɓi aiki, da ya rasu sai ta ɗauki jaka ta dawo makaranta tana da shekara arba'in da shida. Ta ci kowane darasi da jan ciki, saura wannan. Sau biyu rashin lafiya da yawan aiki suna hana ta zama jarrabawarsa, dokar kwaleji kuwa ta ce daga na uku sai sallama. In ta faɗi bana, shekara huɗun da ta yi tana rufe shago da rana sun tafi a banza. Kuma ita ce take ɗinka mini kaya tun kafin in yi furfura.

Na manne ambulan ɗin da sauri, har gam ya ɗan zarce. Na yi kwana biyu ina cin raina, a na uku na kasa. Na shiga ofishinsa ko sallamar kirki ban yi ba.

"Malam, matar nan me ta yi maka?"

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Wace matar, Malama?"

Nan na gane na tona wa kaina asiri. Shi kuwa ya jawo durowarsa a hankali, ya nuna mini ambulan sababbi a jere.

"Kowace shekara biyu nake saya," in ji shi. "Ɗaya na aiki, ɗaya ko da tururi zai yi yawa ya yage. Sau huɗu kina yagawa, kina sauyawa da na ofis, kina kwaikwayon sa hannuna. Kina cikin lissafi tun shekarar farko."

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Shekara ashirin da uku ina ganin ni ce gwanar wayo, ashe an daɗe da ware mini kashina. Amma kunya ba ta kashe mini fushi ba, na ce to ya bar zancen buta, ya amsa mini na matar.

"Ba ni da komai da ita," ya ce. "Mutuniyar kirki ce. Amma in ta ga harafi a cikin lissafi sai ta daskare. Ba ƙiyayya ba ce, Malama, hasashe ne. Kowane aiki da garinsa."

Na fita na bugo masa ƙofa har kalandar bango ta faɗo.

Ban gaya mata komai ba, ita da kanta ta jawo rigimar. A mako na biyar ya ba su gwaji: tela zai yanka riga ɗari, kowace tana cin yadi biyu, ɓarna kashi bakwai cikin ɗari, yadi nawa zai saya? Duk ajin suka rubuta ɗari biyu da sha huɗu. Mama Tela ta cika shafi guda da tambayoyi. Yadin mai faɗi ne ko matsattse? Mai zane ne ko fari sol? Rigunan na 'yan aji ɗaya ne ko na manya? Wa zai riƙe almakashin? A ƙasa ta ƙara da cewa duk telan da yake zubar da yadi goma sha huɗu, a karɓe almakashin daga hannunsa. Malam ya zana mata sifili ƙato kamar bakin kofi.

Washegari sai ga ta da buhu a ka. Ta wuce ta gabana, ta shiga ofishinsa, ta sauke masa shi a kan tebur. Ni kuwa na tashi na bi bayanta, don ba a yin irin wannan ba da ni ba.

"Malam, ina wuni. Wannan ƙyallayen da suka rage ne daga riga ɗari da na yanka makon jiya. Ka auna. In sun kai yadi sha huɗu, ka ƙara mini wani sifilin."

"Baiwar Allah, ba haka ake yi ba. Ai ban ga yadin da aka fara da shi ba."

"To ka zo ka gani. Asabar ina da yanka."

Na ɗauka zai kore ta. Amma mutumin da ya yi shekara sittin yana neman inda sauran katako ya tafi ba ya iya jin an ce zo ka auna ya ƙi. Ranar Asabar da hantsi ya iso shagon da sikelin kicin ɗin matarsa a leda, da littafi, da fensir biyu, ɗaya na karyewa. Ni na raka shi, na ce ina da ɗinkin da zan karɓa, kuma da gaske ina da shi.

Shagon dogo ne, kekuna a jere ta bango, babban teburin yanka a tsakiya duk ya sha zanen alli. Matan suka tsayar da ƙafa suna leƙen malamin da aka ce ya ba uwar ɗakinsu sifili. Ya auna bandir ɗin yadin ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta, ya buga lissafi, ya ce kashi bakwai. Mama Tela ta shafa yadin da tafin hannu, ta ɗaga gefensa ta duba, ta ce, "Ba zai kai huɗu ba."

Ta shimfiɗa yadin, ta jera kwalayen awo da aka yanka da siffar sassan riga. Inda hannun riga ya bar lungu sai ta juya wani hannun ta cusa a ciki, kai da ƙafa. Ta yi ta juya su tana matsawa har sai da teburin ya zama ba inda za ka ajiye yatsa. Sannan ta sa almakashi. Malam yana biye da ita da kwando yana tsince duk abin da ya faɗi, har da rarrafe a ƙarƙashin tebur, babban mutum da furfurarsa. Da aka gama ya ɗora kwandon a sikeli, ya cire nauyin kwandon, ya buga. Uku da rabi. Ya sake bugawa. Uku da rabi.

"Ba a gama ba, Malam," in ji ta.

Ta zazzage kwandon, ta ware manyan ta ce aljihu ne. Dogayen ta ce kwala ce da mazagin wando. Ƙananan ta tura wa wata daga cikin matan ta ce na bakaniken bayan layi ne, yana saye yana goge hannu. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba, zare ne da ɓurɓushi. Malam ya ɗora a sikeli, allura ko motsi. Ya ɗan ƙwanƙwasa gilashin da farce. Ya ɗaga sikelin ya girgiza, ya ce wataƙila matarsa ta lalata shi. Matan nan tara suka kwashe da dariya har ɗaya ta faɗo daga kan kujera.

Ya zauna a kan bandir yana goge gumi. "To ke da kika san wannan duka, me ya sa ba kya buɗe baki a aji?"

"Ina buɗewa mana, kai ne ka daina ji," ta ce. "Makon farko da na biyu kana kirana allo, ina kwaɓawa kana gyara mini. Daga mako na uku ko na ɗaga hannu sai ka kalli fanka. Ni da wancan dogon mai barci, kamar an share mu daga ajin. Na ce ko wani laifin na yi."

Ba ta san komai game da ambulan ba. Ni na sani, shi ma ya sani. Ya juyo ya dube ni, ni kuma tunda bakina ba ya ajiya sai na ƙarasa masa.

"Haka kake yi kowace shekara, Malam. Ta bango nake ji. Daga ranar da ka kawo mini takardar nan, sunayen da ke bayanta ba na sake jin ka kira su."

Ya tattara fensiransa, ya yi sallama, ya fita ya bar sikelin matarsa a kan teburin yanka. Sai ni na kai mata.

Ranar Litinin na ji abin da ban taɓa ji ba ta bangon nan. Ya kira Mama Tela allo. Ya ce ta goge harufan nan da suke firgita ta. Inda littafi ya sa harafi na farko ta rubuta hayar shago, wadda ko an yi ɗinki ko ba a yi ba sai an biya. Inda ya sa na biyu ta rubuta zare da maɓalli, masu ƙaruwa da yawan riga. Ya ce ta kawo watan da ta fi kowane aiki da watan da ta fi kowane zaman banza, ta cire wannan daga wancan. Ta buga lissafin, can sai na ji ta ce da ƙarfi, "Au! Wai dama wannan ne? Shi ne kuka sa masa harafi kuna tsorata mutane?"

Daga nan ya koma kan dogon taga. Kowane minti goma sai ya kira shi. Ashe direban motar burodi ne, tun asuba yake kan hanya kafin ya zo aji. Malam ya dawo da shi kujerar gaba, ya ce ya lissafa masa burodi nawa ke matsewa a mota kowace safiya. Munshari ya ɗauke, har na riƙa kewarsa. Na farkon kuwa, wanda ba ya zuwa, Malam ya sa na nemo lambarsa, ya kira shi sau shida. Aka ce ya bar garin tun tuni.

Duk wannan bai sa hankalina ya kwanta ba. Ranar jarrabawa Mama Tela ta zo da biro uku, ta ce ɗaya na ƙin rubutu ne, na ce shi ke nan, cutar ta kama ta. Awa uku ina zaune ban buga ko layi ɗaya ba. Takardun kuma lamba ce a kansu ba suna ba, wani malamin ne yake sake dubawa bayan shi, saboda haka ba wanda zai ce an yi mata alfarma.

Ranar sakamako ofishina ya cika har ƙofa, don ita ce buɗewa ta ƙarshe. Shugaban sashe ya sa an kawo lemo, ya yi jawabi a kan shekara ashirin da uku ba kuskure, ya ce yau za a cike ta ashirin da huɗu a rufe littafi. Na miƙa ambulan, Malam ya yage, ya ɗaga takardar: uku. Shugaban sashe ya buɗe sakamako yana murmushi, ya bi da yatsa, murmushin ya fara raguwa. Ya sake bi daga ƙasa zuwa sama.

"Ɗaya," ya ce. "Wanda bai zo ba."

Direban burodi ya tsallake da maki arba'in da uku. Mama Tela hamsin da takwas. Na yi guɗa a cikin ofis, abin da ban taɓa yi ba a wurin aiki, kuma ban ba kowa haƙuri ba. Malamai suka yi ta yi wa Malam jaje, wai tsufa ne, wai ko gwani yakan kuskure. Ya bi su da to, to, har suka shanye lemonsu suka watse.

Da ofis ya zama daga ni sai shi, ya ce, "Malama, tsofaffin takardun suna nan?"

Suna nan mana, ni ba na zubar da komai. Na ciro fayil ɗin na ba shi. Ya zauna a kujerar baƙi, ya riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya yana karanta bayansu. Fensirin wasu ya dushe. Yana karantawa yana cewa wannan a layi na biyu take zama, wannan yana da in'ina, wannan ita ce mai zuwa da goyo. Bai manta ko ɗaya ba. Suna sittin da takwas. Tausayinsa ya kama ni, duk da na fi kowa sanin ba shi ne abin tausayin ba.

"Buga mini su a takarda ɗaya," ya ce. "Da duk adireshin da kika samu a rajista."

"Kwafi nawa? Biyu, ko da ɗaya zai lalace?"

"Ɗaya."

Na buga na miƙa masa. Ya ɗora a kan gwiwarsa, ya ciro biro, ya rubuta a sama: ɓarnar sakaci. Ya ja layi a ƙasa kamar yadda yake yi a allo, ya rubuta: laifin wa? Ya daɗe yana kallon gurbin. Sannan ya rubuta cikakken sunansa na yanka, wanda na yi shekaru ban ji an kira ba, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tambaye ni wace mota ake hawa zuwa adireshin farko.